Bushiya Mai Daddawa Ta Zaɓi Ƙasa

Ku matso, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata shekara ruwa ya ci garin su Bushiya, har itatuwan ɗorawa ya tafi da su. Ita kuwa daddawa take yi, sana'ar kaka da kakanni, kuma ƙwaryar daddawa guda kawai ta tsira da ita. Dole ta nemi ƙasar zama.

Sai ga Gizo, uban iya yi, wai ya san ƙasashe kamar yunwar cikinsa. Suka kama hanya.

Suka isa ƙasar giwaye, rumbuna cike maƙil. Bushiya ta buɗe ƙwarya a ƙofar gari. Sarkin ƙofa ya naɗe hanci ya ce, "Zubar da ɗoyin nan, ki shigo ki ci ki ƙoshi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗoyin nan shi ya raine ni." Ta rufe ƙwaryarta ta wuce.

Suka isa ƙasar dawisu, kowa ya sha ado. Ta buɗe ƙwarya. Sarauniya ta kau da kai ta ce, "Zubar da wannan, ki aske ƙayar bayanki, mu ba ki gashi da sabon suna."

Gizo ya zungure ta, da tsamin bakin nan nasa: "Ki yayda mana, 'yay uwa!"

Ta ce, "Sunana an yanka masa rago, ranki ya daɗe. Ƙayata kuma ta uwata ce." Gizo dai ya manna gashin aro, ya ce shi ya zo gida.

Bushiya ta ci gaba ita kaɗai, ƙafa ta kumbura, ciki na kuka. Tsoro ya kama ta, kada ta mutu a hanya da ƙwarya a ka. Ta isa ƙasar birai, ba ganuwa, ba rumbun kirki. Wata tsohuwa, Gwaggon Biri, ta miƙo mata ruwa tun kafin ta tambaye ta daga ina take. Bushiya ta sha, ta buɗe ƙwarya.

Gwaggo ta shaƙa ta ce, "Ke 'yar nan, mene ne ke ƙamshi haka?"

"Daddawa ce, Gwaggo. Da kalwa ake yi, 'ya'yan ɗorawa."

"Kalwa? Mu garin ɗorawar muke lashewa mu zubar da ita. Dubi can bayan gidanmu!"

Bushiya ta leƙa, ga kalwa tsibi-tsibi. Hawaye suka zubo mata don daɗi. Ta dafa, ta rufe ta ruɓa, ta kirɓa. Ranar da birai suka sha miyar kuka da daddawa, har kwano suka suɗe.

Labari ya kai ko'ina. Wata ranar kasuwa sai ga sarkin ƙofar giwaye da 'yar ƙwaryarsa, yana sunkuyar da kai.

Bushiya ta miƙe ƙayarta tsaye ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗoyin ka zo saye? Bi layi."

Gizo kuwa iska ta kwashe gashin aro, dawisu suka bi shi da sara, ya haye kusurwar ɗaki. Yana can har yau don kunya.

To kun ji, jikokina. In tafiya ta kama ku, kada ku tsaya kallon rumbun mutane. Ku zauna inda aka karɓe ku da sunanku da ƙwaryarku.

Ƙurungus kan kusu, mai gyangyaɗi ya yi asara.