Hannun Mai Gyaran Agogo

Akwai wani mai gyaran agogo da duk kasuwa ta san shi da laushin hannu. Yakan yi awa guda yana lallaɓa ƙusar da ba ta kai kan allura ba, ko tsaki ba zai yi ba. Aibinsa ɗaya ne, girman kai, musamman in an taɓo zancen mazantaka.

Da ciwon suga ya kama shi, sai ƙarfinsa na shimfiɗa ya ja baya. Likita ya ce a bi magani sannu a hankali. Ya kuma faɗa masa, a gaban matarsa, cewa ma'aurata na iya gamsar da juna da hannu, ba abin kunya ba ne. Gogan naka ya fito yana huci kamar an zagi iyayensa.

Wata safiya, bayan yara sun tafi makaranta, matar ta danne kunyarta ta zauna kusa da shi.

"Baban yara, wallahi ban raina ka ba. Abin da likita ya faɗa ya ishe ni. Ka taɓa ni, in taɓa ka, shi ke nan."

"Har na lalace haka?" ya ce. "Ki sake wannan maganar ki gani!"

Ranar ya kwashe matashinsa ya koma falo. Wata bakwai ko yatsanta bai riƙe ba, ita kuwa tana ta ramewa. Ya watsar da maganin asibiti, ya koma wajen wani mai tallan ƙwayoyin ƙarfin maza a jaka. Daga shan ƙwaya ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya koma uku. Wata rana da tsakar rana ya kife kan teburinsa, gilashin aiki na manne a idonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Yanzu shagon a rufe yake. Kullum da hantsi matar kan ɗora hannun nan da ya shanye a cinyarta tana shafa masa mai, shi kuwa ba ya jin komai. Rannan ya fashe da kuka. Ba ta ɗago ba.

"Wannan hannun fa kawai na roƙa," ta ce, "lokacin yana motsi."

Darasin shi ne, kada girman kai ya sa ka raina hanyar da ta rage tsakaninka da iyalinka. Shi wannan ya ƙi miƙa hannu yana da iko, yau yana so ya miƙa, hannun ya ƙi tashi.