Kobo Ɗaya, Suna Ɗaya

Akwai wani tsohon soja a Zangon Ankara, ana ce masa Saje Idrisu. Abin ya daɗe ƙwarai. Lokacin ba a san unguwannin Nima da Mamobi ba, duk daji ne. Zangon yana can ƙasa kusa da teku, inda in iska ta juyo kana jin gishiri da warin kifi har cikin masallaci.

Saje ya ajiye bindiga ya kama fataucin goro, Allah kuma Ya buɗa masa. Mutum ne da ba ya iya zama waje ɗaya. In yana magana yana tafiya, in yana sauraro yana kaɗa ƙafa, aljihunsa kullum na ƙarar sule da sisi.

A zamanin kuɗi iri biyu ke yawo a gari. Akwai na ƙarfe da Turawa suka kawo, akwai kuma wuri, ɗan farin ƙwanson nan da kakanni suka saba ciniki da shi. Darajar wuri ta riga ta zube, kobo ɗaya yakan ci wuri sama da ɗari. Amma da wuri biyar mace takan samu ɗan gishirin miya, da goma a zuba wa mutum ludayin koko.

Saje ya tsani wuri kamar ciwon haƙori.

Wata Juma'a bayan an sauko, dattawa suka zauna a ƙofar Sarkin Zango. Kowa a zaune, Saje kaɗai a tsaye yana kai da kawowa.

"Jama'a, ku gaya mini gaskiya," in ji shi. "Na je sayen saniya ɗaya, sai da na ɗauki 'yan dako uku su ɗaukar mini kuɗinta. Abin da sai ka biya a ɗaukar maka shi, kuɗi ne ko kaya? Kantin Bature ba ya karɓa. Mutanen gari suna mana dariya, wai Hausawa na ciniki da ƙashin kifi. A kashe shi kowa ya huta!"

Ba ƙarya ya faɗa ba, shi ya sa fatake suka yi ta gyaɗa kai. Liman ne kawai ya yi gyaran murya.

"To mai wuri goma fa, Saje?"

"Ya tara har ya kai kobo, Malam. Ai ku kuke ce mana haƙuri ibada ne."

Aka yi dariya. Aka yanke cewa daga ranar ba za a ƙara karɓar wuri a kasuwar Zango. Saje bai tsaya nan ba, ya ce har a wajen addu'a kada a sake shelar wuri.

A Zango kuwa, in an yi rasuwa, ranar uku da ranar bakwai akan shimfiɗa tabarma a gaban malamai. Duk wanda ya zo sai ya ajiye abin da ya samu, mai shela ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da sadakarsa, sannan jama'a su yi wa mamaci Fatiha. Sadaka ɗaya, suna ɗaya, Fatiha ɗaya. Mai shelar shi ne Abdulganiyu, wani ɗan Ilori mai murya kamar ganga.

Da Saje ya koma gida, ya tarar da matarsa Lailatu tana tsintar shinkafa a faifai. Mace ce mai sanyin magana, amma in ta sako zance yakan zauna a zuciya kamar ƙaya a ƙafa.

"Maigida, na ji wai kun kashe wuri."

"Har mun binne shi."

"Allah Ya jiƙansa. Marayunsa fa, wa zai riƙe su?"

"Ke dai ba ki rabo da zolaya. Ƙasa gaba take yi, Lailatu."

"Ta yi gaba mana. A dai riƙa waiwayen na baya."

Ya kaɗa hannu ya fice, ita kuma ta ci gaba da tsintarta.

Ba a yi wata guda ba wani mahauci ya rasu. Ranar addu'arsa wata tsohuwa ta matso gaban tabarma. Mma Asana ce mai koko, wadda aka kawo daga arewa tana yarinya, ta tsufa a bakin tukunya. Ta kwance bakin zanenta ta zuba wuri bakwai.

Abdulganiyu ya buɗe baki zai kira sunanta, Saje ya daka masa tsawa.

"Kai, ɗan Ilori! Kunnenka na ado ne? Mma, kwashe ƙashin kifinki. Nan gaban malamai ne, ba bakin teku ba."

Tsohuwar ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya gangara ƙarƙashin ƙafar wani, sai da ta roƙa aka ɗaga mata. Matan da ke bayanta kowace ta ƙara damƙe bakin zanenta, suka sulale.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama Lailatu ranar Laraba. Ranar Asabar da hantsi ta cika.

Wanda bai taɓa rasa na kusa ba ba zai gane ba. Gidan yana nan yadda yake, faifai na rataye inda ta rataye shi, takalminta na bakin ƙofa ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, amma komai ya zama baƙo. Saje ya shiga ɗaki ya fito, ya fita waje ya dawo. In ya zauna sai ya ji kamar an kira shi, in ya tashi sai ya manta inda za shi.

Abu ɗaya ya rage da zai iya yi mata, shi ne addu'a. Ya rantse sai Lailatu ta sha Fatiha irin wadda ba a taɓa yi wa kowa ba a Zango. Ya yanka sa, ya sa aka dafa shinkafa tukunya tukunya, ya aro tabarmi har daga masallaci.

Ranar uku ta zo. Fatake abokansa suka iso cikin manyan riguna.

"Wane ya ba da sule biyu! Fatiha!"

"Wane ya ba da sisi! Fatiha!"

Sau tara Abdulganiyu ya ɗaga murya. Daga nan ya tsaya yana duban hanya. Saje ma ya duba. Babu kowa sai akuya tana lasar bango. Gefen mata tabarmi shimfiɗe, iska na ɗaga bakinsu. Kafin rana ta yi zafi malamai sun shafa, an watse, shinkafa ta huce a tukwane.

Fatiha tara, ga matar da rabin Zango ya ci daga hannunta.

Saje ya kasa haɗiye abin. Kwana biyu yana zagaye tsakar gida yana magana shi kaɗai. Ramuwa ce, in ji zuciyarsa, da ni suke yi, shi ne suka huce a kan gawa. Kwana uku bayan addu'ar, da safe, ya saka takalmi ya nufi ɗakin Mma Asana, ko sallama bai yi da kyau ba.

"Mma, ni na yi miki laifi. Ita me ta yi muku?"

Tsohuwar tana dama koko, ba ta ɗago ba. Ta amsa da irin Hausarta ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Saje, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Na sani. Kai tun da na san ka gindinka bai san kujera ba. To tsaya ka gani."

Ta shiga ɗaki ta jawo wata babbar ƙwarya rufe da faifai. Ta buɗe. Cike take da wuri, fari fat, har ya yi tozo.

"Na Lailatu ne," in ji ta. "Tun ran da ya mutu mata suna zuwa nan. Mai biyar, mai bakwai, mai uku. Kowa ya zuba nashi, mu yi Fatiha da kanmu. Fatihan namu ma a karkace yake, ba mu da malami. Allah dai Shi ji."

Saje ya tsaya yana kallon ƙwaryar.

"To me ya hana ku zuwa? Ko hannu banza ai da kun zo."

"Mu zo addu'an Lailatu hannu banza? Mu ci shinkafanshi mu tashi kamar kaji? Wanda bayan kun kashe wuri, kullum da safe shi kan aiko a sayi kokona da wuri, don kada tukunyana ya mutu? A'a, Saje. Talaka ba shi da komai, amma yana da kunya."

Bai san da wannan ba. Kokon da yake sha kowace safiya yana yaba daɗinsa, ashe da wuri ake sayo shi.

Muryarsa ta yi ƙasa. "Ai da kun haɗa duka, an canja muku ya zama kobo."

"Mun yi shawaran haka. Amma kobo ɗaya suna ɗaya ne, Saje. Mu kuwa mun fi arba'in. Sunan wa Abdulganiyu zai kira? Wa zai koma gida ba a ji ya yi wa Lailatu komai ba?"

A nan Saje, mutumin da ba ya zama, ya zauna a kan turmin Mma Asana, ya rufe fuska da hannun riga. Tsohuwar ta bar shi ya yi kuka mai isarsa, ta koma kan kokonta don kada ya yi gudaji.

Da ya tashi, ya cire hularsa ya yi gammo da ita. Ya ɗora ƙwaryar a ka.

Mutanen Zango sun daɗe suna ba da labarin wannan tafiya. Saje Idrisu, mai 'yan dako uku, ɗauke da ƙwaryar wuri a kansa ta tsakiyar kasuwa, wurin na kacau kacau da kowane taku. Wani mai nama ya ɗaga murya, "Saje, yau ƙashin kifi ake sayarwa?" Bai waiwaya ba sai da ya dire ta a gaban Sarkin Zango da Liman.

"Na zo janye maganata," in ji shi. "Ciniki babba a yi shi da ƙarfe, har gobe ina kan wannan. Amma ƙaramin kuɗi ku bar shi ya rayu. Na ɗauka nauyi na sauke wa mutane, ashe bakinsu na toshe."

Liman ya dube shi ya ce, "Haƙuri ibada ne, Saje."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Nan take aka janye dokar hana wuri.

Ranar bakwai, tun rana ba ta ɗaga ba hanya ta cika. An mayar wa kowace mace abin da ta zuba a ƙwarya, don ta ajiye da hannunta. Masu koko, masu itace, masu ɗiban ruwa, makafi da jagororinsu, duk suka zo.

"Mma Asana mai koko, wuri bakwai! Fatiha!"

"Hamsatu mai wanki, wuri uku! Fatiha!"

Haka aka yi ta yi. Hannuwa su ɗaga, su shafa, su sake ɗagawa. Aka tashi aka yi azahar aka dawo. Muryar Abdulganiyu ta dushe, aka ba shi ruwa da citta, ya ci gaba.

Can wajen la'asar layi ya ƙare. Saje ya laluba aljihu, ya ji sule da sisi, ya fitar da hannunsa babu komai. Ya taka har gefen mata ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Mma, ki sayar mini da wuri."

"Ba na sayarwa ne ba." Ta kwance wani ƙulli dabam a bakin zanenta, ta ciro guda ɗaya mai ɗan tsagi a baya. "Wannan yana cikin na ƙarshe da ya aiko, ran Talata. Na ajiye don in riƙa tunawa. Amma kai ka fi ni bukata."

Saje ya karɓa da hannu biyu. Ya je ya ajiye shi a tsakiyar tabarma, ɗan abu fari da ko farce bai kai ba.

Abdulganiyu ya dube shi, ya dubi wurin. Sannan ya tattara sauran muryar da ta rage masa.

"Saje Idrisu, mijin marigayiya, wuri ɗaya! Fatiha!"

Zango gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Saje ya zauna a cikinsu, bai motsa ba har aka shafa.

Darasi: Kafin ka ce ƙaramin abu ba shi da amfani, tambayi wanda ba shi da sai shi. Kuɗin da ya yi maka nauyi a aljihu, shi ne muryar wani a cikin jama'a, kuma ba ka san ranar da za ka bukaci wannan muryar ba. Mahaifiyata ce ta ba ni labarin nan, yau kwana arba'in da rasuwarta. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, wanda kuma ya samu hali ya yi mata Fatiha ɗaya.