Mutumin da Ƙaya Ta Daina Yi wa Zafi

Ku matso ku ji, yau ni aka ba damar kawo misali a majami'a! Abin da ke cikinsa ni ma sai wannan makon na ji shi a makaranta, tun ranar nake Allah-Allah Lahadi ta zo.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin fadama, yana noman albasa da tumatir da attarugu. Duk shekara idan damina ta wuce aka saki awaki, masu lambu sukan sari rassan ƙaya su yi shinge. Aikin nan babu mai son sa. Wannan yana ɗingishi, wancan yana zaune yana cire ƙaya da allura, yana tsaki.

Shi ma haka yake a da. Sai Allah ya buɗa masa. Ya sayi injin ban ruwa, ya daina jan guga. Ya sayi babur, ko gidan maƙwabci zai je sai ya hau. 'Ya'yansa suka girma suka karɓi fartanya, shi kuwa ya koma bencin mai shayi: babban kofi, madara, suga cokali a kan cokali, ga burodi. Rana ta take, sai lemon kwalba mai sanyi. Tuwo kuwa malmala tana bin malmala. Tumbi ya fito, wuya ya cika. Idan an tashi daga sujada a majami'a, mutane sukan ce masa, "Maigida, ka yi kyau! Hutu ya karɓe ka." Sai ya shafa ciki, ya ce, "Alherin Ubangiji ne."

Ana nan, ana nan, sai ƙishirwa ta fara damun sa. Ya sha ruwa, kamar bai sha ba. Fitsari kuma ba dama, ko wa'azi ake yi sai ya tashi ya zagaya. Ya ce ai zafin rana ne.

Wata shekara ana aikin shinge, ya tuɓe takalmi don laka, yana tafiya yana hira. Sai maƙwabcinsa ya daka masa tsawa, "Kai! A kan ƙaya kake tsaye!"

Ya duba ƙasa. Gaskiya ne. Ya ce, "Ni ban ji komai ba."

Sai aka fashe da dariya, aka sa masa suna Ƙafar Ƙarfe. Tun daga ranar, duk mai son a danne masa shinge sai ya kira shi. "Ƙafar Ƙarfe, zo ka taka mana nan, mu namu ƙafafun na mutane ne!" Shi kuwa sai ya hau ya tattake, yana tsokanar su, "Ragwaye! 'Yar wannan ƙayar ce kuke wa kuka?" A zuciyarsa yana cewa, lalle wahalar shekaru ce ta gasa masa ƙafa, babu abin da zai ƙara huda shi.

Ran nan matarsa tana kaɗe tabarmar da ya kishingiɗa a kai, sai ta ga jini ya bushe a wajen ƙafa.

Ta ce, "Baban Keziya, ɗaga ƙafarka in gani."

Ya ce, "Me za ki gani? Lafiyata ƙalau."

Ta kama ƙafar ta juya. Ga ƙaya ta karye a ƙarƙashin ɗan yatsa, wurin ya yi baƙi, ya kumbura.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ina zan sani? Ba ya zafi. Abin da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne."

Ta roƙe shi su je asibiti, ya ƙi. Ya shafa man zafi, ya ɗaure da tsumma, ya koma lambu. Bayan 'yan kwanaki sai ƙuda suka fara bin sa. A majami'a na kusa da shi suka riƙa matsawa a hankali, don wari. Kunyar wannan ce ta sa ya yarda aka tafi.

Malamar asibiti ta kwance tsumman, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauko wani siririn abu kamar tsinken tsintsiya, ta ce, "Baba, rufe idonka. Idan ka ji na taɓa ka, ka yi magana."

Ya rufe ido, yana jira. Shiru, shiru. Sai ya ce, "To ki fara mana, 'yata."

Ta ce, "Ai na gama, Baba. Duk tafin ƙafar na bi."

Daga nan bai ƙara dariya ba. Ta auna jininsa, ta tambaye shi ƙishirwa da fitsari, ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginsa. Matarsa ta ce, "Mahaifiyarsa ma haka ta yi ta shan ruwa, har ido ya tafi."

Malamar ta ce, "Ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinka. Akwai gado, akwai shekaru, ga ƙiba, ga zama wuri ɗaya. Shi ya kashe jijiyoyin da suke kai maka labari. Ƙafarka ba ƙarfi ta yi ba, Baba, ji ta daina yi. Da kun ƙara jinkiri, daga gwiwa za a yanke."

Ɗan yatsan dai bai tsira ba, aka cire shi. Amma ƙafar ta tsira.

Ciwon kuma ba irin zazzaɓi ba ne da za a sha magani ya wuce. Tare za su zauna har ƙarshen rai. Kullum da safe ƙwayar magani. Shayi babu suga, har mai shayi yana tsokanar sa wai ya koma shan ruwan zafi. Tuwo kaɗan, ganye da yawa. A biki ana raba lemo, shi sai ruwa. Babur ya koma hannun 'ya'ya, shi da ƙafa yake zuwa lambu, cikin takalmi sau-ciki, bayan ya zazzage shi ko da tsakuwa a ciki. Kowace yamma kuma, tun da sauran haske, sai ya zauna a ƙofar ɗaki ya miƙa wa matarsa ƙafa, ta bi yatsa-yatsa tana dubawa. Ba ya ƙara cewa lafiyarsa ƙalau sai ta faɗa.

Da lokacin shinge ya zagayo, ya je ya zauna a gefe. Maƙwabcinsa ya taka ƙaya, ya yi tsalle, ya kurma ihu. Mutumin nan ya dube shi, ya ce, "Ka gode wa Allah, ɗan'uwa. Da ma ni ne."

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Da fari, jikin nan Allah ne ya ba mu amana. Akwai ciwon da ba ya sallama: suga, hawan jini, suna shiga su zauna shekaru mutum yana cewa ƙalau yake. Idan akwai shi a dangi, ko jiki ya yi nauyi, ko ƙishirwa ta yi yawa, a je a auna, kada a jira zafi. Ku faɗa wa su Baba da su Mama yau ɗin nan!

Sa'an nan ƙayar ita ce zunubi, zafin kuwa lamiri ne. Ranar da ka fara yin ƙarya, zuciyarka ta soke ka, ka kasa cin abinci. Wannan zafin kyauta ce. Idan yanzu kana yi ba ka jin komai, har abokai suna yaba maka wai kai gwani ne, to ba ƙarfi ka yi ba. Matar nan kuwa ita ce ɗan'uwa ko 'yar'uwa cikin ikilisiya, mai ganin wurin da kai ka daina ji. Idan irin wannan ya ce maka ɗaga ƙafarka in gani, kada ka ce ba ya zafi. Ɗaga kawai.