Ƙanen da Bai Zo Dubiya Ba

Akwai wani mutum mai noman albasa a fadama, wanda ƙodojinsa biyu suka daina aiki. Ya kumbura har takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa, mutanen gari kuma suka fara yi wa matarsa kallon tausayi. Ana cikin haka sai likita ya ce an sami wanda zai ba shi ƙoda ɗaya, amma mai bayarwar ya roƙa kada a faɗi sunansa. Aka yi aiki, aka dace.

Ranar sallama likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ja masa kunne ya ce, "Jiki ba ya son baƙo. Maganin nan ne zai hana jikinka korar ƙodar. Safe da yamma za ka sha, muddin ranka."

Ya koma gida jinya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Matan zumunta suka kawo kunu, dattawan ikkilisiya suka yi addu'a daga bakin ƙofa. Shi kuwa gogan naka yana kwance yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Wanda bai zo ba shi ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, da ke zaune a ƙetaren rafi. Ko a asibiti bai ga ƙeyarsa ba. Abin nan ya ci masa rai ƙwarai.

Da ƙarfi ya fara dawo masa, sai ya ce, "Allah ya warkar da ni. Me ya haɗa mai lafiya da magani?" Ya tura ƙwayoyin ƙarƙashin gado. Matarsa ta yi lallashi, ta yi kuka, ya toshe kunne. Ƙodar ta zo masa kamar tsuntsu daga sama gasasshe, bai san zafinta ba, balle ya yi tattalinta.

Wata safiya ya ɗauki sandarsa ya haye rafi, da nufin ya wanke ƙanen nan tas, ya gaya masa ko gawarsa kada ya zo. Bai yi sallama ba ya faɗa gidan. Sai ya tarar da shi kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ba riga saboda zafi, ya rame. Ƙanen ya yi wuf zai jawo mayafi, amma ina, ido ya riga ya gani. Ga dogon ɗinki a kwiɓinsa, bai ma gama warkewa ba.

Nan take ya manta zagin da ya zo da shi. Da ƙyar ya ce, "Mene ne wannan?"

Ƙanen ya sunkuyar da kai. Matar ƙanen ce ta amsa daga wajen murhu, "Yaya, nan aka ciro wadda ke jikinka."

Sanda ta suɓuce daga hannun mutumin. Ya zube ƙasa kamar wanda aka mara, ya fashe da kuka.

Ƙanen ya ce, "Na san da an gaya maka ba za ka karɓa ba, za ka ce yarana ƙanana ne. Bar kuka, Yaya. Kana dai shan maganin, ko?"

Mutumin bai iya ɗaga kai ba. Ƙanen ya gane ya daina shan maganin, fuskarsa ta sauya, ya dafe kwiɓinsa. Sai mutumin ya miƙe ya kama hanyar gida don ya ciro ƙwayoyin nan, yana tafe yana tuntuɓe, yana roƙon Allah kada a ce ya makara.

Ma'anar wannan misali ita ce, ni da kai mu ne mai albasan nan. Ƙanen kuwa hoton Ubangijinmu Yesu ne, wanda aka soke shi a kwiɓi domin mu sami sabon rai. Mu kyauta muka karɓa, amma shi da jikinsa ya biya. Sau nawa muke gunaguni cewa ya manta da mu, alhali kuwa da abin da ya ba mu muke numfashi? Halinmu na dā ba ya son baƙo, kullum neman korar sabon ran nan yake yi. Maganar Allah da addu'a su ne maganin safe da yamma, ba kuwa a daina su don an ji sauƙi. Kai kuma da likita ya ɗora a kan magani, kada ka watsar da shi ka kira wannan bangaskiya.

'Yan'uwa, rana tana zuwa da za mu tsaya a gabansa mu ga tabon da idonmu. Zai tambaye mu yadda muka riƙe abin da ya ba mu. Kada ranar nan ta same mu da kai a sunkuye.