Filaskon Huraira

Ƙanwata Huraira ta unguwar Jigwada mace ce mai ibada, sai dai taƙama ta yi mata yawa. Shekara goma ba ta sha azumi ko ɗaya ba, kuma kowa a Keffi ya ji wannan daga bakinta. Duk matar da olsa ta hana azumi, a wurinta raguwa ce mai dattin ciki.

Bara, saura kwana biyu a ɗauki azumi, ta zo gidana da ganyen filasko da kafso na kemis, wai za ta wanke cikinta tas. Maƙwabciyata Priskila, wadda nas ce, tana zaune muna tsinkar zogale.

"Mama, kar ki sha," in ji Priskila. "A hanji akwai ƙananan halittu masu amfani, su ke taya ki narkar da abinci. Azumi hutu yake ba hanji. In kin kore su, wa zai yi miki aikin? Ki riƙe kunu da nono da ganye."

Huraira ta taɓe baki. "'Yar nan, ina azumi tun ba a haife ki ba. Yau kiwon ƙwari za ki sa ni a ciki?"

Na yi dariya. Ni ce ma na dafa mata filaskon, na tace.

Zawo ya kama ta, ta ɓoye wa kowa. Da shan ruwa kuma sai lemo mai ƙanƙara da soye-soye da yaji. Ran huɗu ga azumi, a wurin tafsirin mata, ta yanke jiki ta faɗi. Mu'mina, mai olsar da ta fi yi wa gori, ita ta ɗago kanta ta ba ta ruwan gishiri da sukari, da rana tsaka, a gaban kowa.

A asibiti likita ya tambayi wanda ya ba ta filaskon. Na sunkuyar da kai. Priskila na tsaye, ba ta tona ni ba. Washegari ta kawo nono a ƙwarya.

Azumi goma sha ɗaya Huraira ta sha. Ta rama su shiru, ba wanda ya ji.

Darasi: ciki amana ne, ba tukunya ba ce da za a kankare. Ki buɗe baki da abu mai sauƙi, kar ki sha magani ba umarnin likita, kar ki yi wa mara lafiya gori. In mai sani ta yi magana, ko 'yar cikinki ce, ki saurara. Ni ban saurara ba, ƙanwata ta kwanta.