Saude da Malamanta Uku

Ku matso kusa, muryata ta ƙare a aji, ba na iya ɗaga ta.

A wata firamaren ƙauye da na koyar, an yi wata yarinya mai suna Saude. Shekara uku tana aji huɗu, ko layi ɗaya ba ta iya karantawa. An yi bulala har an gaji. Ita ma ta gaji, sai ta koma bayan aji ta kifa kai a benci. Mahaifinta, Ɗanjuma maƙeri, ya ce zangon nan na ƙarewa za ta zauna gida, ba zai ƙara tura ta shan duka a banza ba.

Malama Indo, cikin yara casa'in da take fama da su, ita ta lura duk abin da aka faɗa da baki Saude tana riƙe shi tsaf. Ta duba littafinta, ta ga baƙaƙen ne take juyawa, b ta koma d. Ta shaida wa malamai yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, ta hana a sake taɓa ta.

Malam Tukur hedimasta, da ciwon gwiwarsa, ya taka zuwa maƙera sau huɗu. Sau uku uban ko guduma bai ajiye ba. A na huɗu ya ce, "Malam, albarkacin furfurarka na ba ku shekara guda. Ba ƙari."

Malam Mati kuwa shi ya ɗauki aikin. Kullum bayan an tashi, da yunwarsa, yakan zaunar da ita a inuwa. Ta rubuta baƙi a yashi da yatsa, ta gina shi da yumɓu, ta faɗi sautinsa. Abin da ta koya Litinin, kafin Laraba ya gudu, su sake daga farko. Wata takwas ana haka, har ciyawa ta cinye masa gona.

Saude dai ta iya karatu, uban ya bar ta ta ƙarasa firamare, ta ci jarabawar shiga sakandare. Uban ya jawo tunkiya guda zuwa makaranta, ya ɗaure, ya ce a ba wanda ya ceci 'yarsa, ya koma bakin aikinsa.

To, ku da kuka ji, a hannun wa za a danƙa igiyar: wadda ta gano cutar, ko wanda ya roƙo lokaci, ko wanda ya yi jinyar?