Tantabarun Baba a Filin Shanya

Akwai wani mai walda da yake zaune a gidan haya da matarsa da 'ya'yansa da mahaifinsa. A bayan gidan akwai ɗan fili. Nan ya ƙera wa tantabaru ɗaki na ƙarfe da raga, da rufin kwano, kowane miji da mata da akwatinsu.

Ba irin tantabarun da ake kiwo don yanka ba ne. Masu alkafura ne. Sukan tashi su lula sama, sai ka ga ɗaya ta saki jiki tana juyi tana faɗowa kamar an harbe ta, kafin ta kawo ƙasa ta buɗe fukafukai ta koma cikin 'yan'uwanta.

Asalin kiwon na mahaifinsa ne. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon, magana ta ɗauke, abinci ma sai an yi da gaske. Amma da la'asar, idan aka tura shi a keken guragu zuwa filin nan aka saki tantabaru, sai fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana bin su. Bayan haka ne ake samu ya ci ɗan abin da zai ci.

Katanga ɗaya ta raba su da wata dattijuwa mai wanki da guga, wadda da sana'ar take riƙe da kanta. Tantabarun sukan sauka a igiyar shanyarta su ɓata mata kayan mutane. Wata rana ta sami mai walda a ƙofar gida cikin abokansa.

"Ɗana, don Allah ka riƙa jinkirta sakinsu har in kwashe shanya."

"Mama, tsuntsaye ne fa," in ji shi. "Ko wando zan ɗinka musu?"

Abokai suka kwashe da dariya. Dattijuwar ta juya ta shige gida. Ta koma ta sake jiƙa zannuwan da ta riga ta wanke.

Ana nan sai mai gidan hayar ya sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna. Wa'adin da aka ba su gajere ne. Da ƙyar mai walda ya samu ɗaki biyu a saman wani bene, babu tsakar gida, babu fili a baya. Mai benen ya gaya masa tun farko, ko kaza ba a ajiye masa.

Ya kwance ɗakin tantabarun ya tara ƙarafan, su kuma ya zuba su a kwalaye ya kai shagonsa. Ga zafin kwano, ga ƙarar injin yankan ƙarfe, ga hayaƙin walda. Ba a jima ba suka fara ƙin cin tsaba. Ya buɗe kwali da safe ya tarar da ɗaya ta sandare. Washegari wata.

Ya shiga zagayen abokan kiwo. Na farko ya ce yana tsoron a kawo wa nasa cuta. Na biyu ya ce zai karɓa, amma gwanayen juyi zai zaɓa su zama nasa, sauran a san yadda za a yi da su. Na uku, wanda ya fi kowa dariya ranar maganar wando, ya daina ɗaga waya.

A gida kuma abin ya fi muni. Tsohon ya juya fuskarsa bango. Da la'asar ta yi sai ya riƙa kallon taga, ya ga babu komai sai ginin maƙwabta, ya rufe ido.

"Baban yara, Baba fa ko shayi ya ƙi karɓa," matarsa ta ce. "Cokali na kai bakinsa yake datse haƙora."

An kira likita, ya duba ya ce bai ga wani sabon ciwo ba, amma in aka ci gaba da haka jikin ba zai ɗauka ba.

Mai walda ya rasa inda zai sa kansa. In ya sake su, tsohon gida za su koma, kyanwoyi su cinye su a kangon. In ya sayar, da wane ido zai dubi mahaifinsa? In ya bar su a kwali, ɗaya bayan ɗaya za su ƙare. Aiki ya gagare shi, har ya ƙona hannu bai ji ba sai da ya ga fatar ta tashi.

Matarsa ce ta faɗi abin da yake gudu. "Fili ɗaya ya rage da ba ka tambaya ba. Ka san na wa ne."

"Da wane baki zan je mata?"

"Da wanda ka gaya mata maganar wando."

Ya je. Ya tarar an rushe tsohon gidansu, ana kwasar ƙasa. Ya yi sallama a ƙofar dattijuwar, ta fito hannunta duk kumfa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ya jikin Baba?" ta tambaya.

Nan ya kasa riƙe hawaye. Ya gaya mata komai, tun daga kwalaye har zuwa cokalin da ake mayarwa.

"Mama, na san abin da na yi miki. Ban cancanci ki saurare ni ba. Amma ba ni da inda zan je."

Ta daɗe tana kallon igiyoyin shanyarta. Filin ba shi da girma, kuma da shi take ci.

"Maganarka ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "Har yau in na tuna sai in ji ta a ƙirjina. Amma shi tsohon me ya yi mini? Kwance igiyoyin can na gefen katanga. Je ka ɗauko ƙarafanka kafin rana ta ƙara kashe wata."

Rabin filin ta ba shi. Ta san hakan na nufin rage wankin da take karɓa, ba ta ko ambata ba.

A ranar ya tayar da ɗakin, da hannu a ɗaure. Ya sa wa ƙofar sakata, ya yi musu wurin ruwa a inuwa, ya kuma yi wa sauran igiyoyinta rumfa. Ya bar su a kulle har suka saba da wurin, suka dawo cin tsaba.

Ranar da za a sake su, ya goyo mahaifinsa daga bene, ya turo shi a keke har gidan dattijuwar. Tsohon ya rame ƙwarai, kansa a sunkuye.

Mai walda ya buɗe ƙofa. Suka tashi gaba ɗaya, suka nufi inda tsohon gida yake, suna ta kewaya kangon suna neman rufin da babu shi. Sai ɗaya ta ware ta yi sama, ta saki jiki ta fara juyi. Wata ta bi ta. Tsohon ya ɗago kai. A hankali hannunsa ya tashi.

Da rana ta yi sanyi suka sauko kan sabon rufi. Biyu ba su dawo ba har yau.

Dattijuwar ta shiga ɗaki ta fito da kofin shayi ta miƙa wa mai walda. Ya kai bakin mahaifinsa, tsohon ya kurɓa, ya sake kurɓa. Mai walda ya juyo zai yi godiya, ta katse shi.

"Bar wannan. Gobe ka kawo shi da wuri, ka zo masa da bargo. Iskar yamma tana da sanyi a nan."

Darasi: Kada ka mayar da kukan maƙwabcinka abin dariya don kawai yau ba ka bukatarsa. Masu taya ka dariya ba lallai su ɗaga wayarka ranar da ka shiga uku ba. In kuma kai aka ɓata wa, kada ka bar zafin magana ya hana ka ceton wanda bai yi maka laifi ba. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, wataƙila akwai wanda yake da ƙofar da ya kamata ya ƙwanƙwasa tun yau.